Ruwan Sharaɗa Ya Fi Ƙarfin Masani Ɗaya

 Ni tsohon ɗalibin wannan makaranta ne, kuma a Na'ibawa nake zaune. Abin da zan yi magana a kansa ya shafi yadda jami'o'inmu suke gudanar da bincike, da kuma gyaran da nake ganin ya kamata a yi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sharaɗa ko Challawa da rani ba ya bukatar a yi masa bayanin warin da ke tashi daga magudanan ruwa. Ruwan wani lokaci baƙi, wani lokaci shuɗi-shuɗi, wani lokaci kuma da kumfa a kansa. Ruwan masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai kuwa yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, daga nan ya gangara madatsar ruwa ta Wasai. A bakin waɗannan rafuffuka akwai 'yan lambu da ke noman latas da kabeji da alayyafo da karas, kuma wannan ganye shi ne yake zuwa kasuwanninmu, mu saya mu kai gida. Saboda haka maganar ba ta tsaya ga mazauna bakin rafi ba. Ta iso har cikin kwanon kowa.

Ba za a ce masana sun yi shiru ba. Shekara da shekaru ɗaliban jami'a suna zuwa da kwalabe su ɗebi ruwan, su auna, su rubuta kundi. Wani yaron maƙwabtanmu ya yi irin wannan aiki a shekararsa ta ƙarshe. Ya sha rana, ya kashe kuɗin mahaifinsa, ya kuma ci jarrabawa da sakamako mai kyau. Da na tambaye shi ina kundin yake, sai ya ce yana kan kanta a ofishin sashensu. Na ce ko ya nuna wa manoman da ya ɗebi ruwa a gonarsu? Ya ce a'a. Ko wani injiniya ya gani? Ya ce ai sashensu daban. Yaron ba shi da laifi, domin abin da aka ce ya yi ke nan. Laifin yana ga tsarin da ya raba ilimi gida-gida, kowa ya kulle ƙofarsa.

Bari mu duba matsalar da kyau, mai karatu zai ga dalilin da ya sa na ce ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Kano garin fata ne tun kaka da kakanni. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, kuma fatar jar akuyar ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Kamfanonin zamani kuwa da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam suke jima, domin ya fi sauri. Fatar ba ta shanye shi duka, ragowar sai ta bi ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Bayan haka akwai ruwan farar ƙasa da sinadarin da ake cire gashi da shi. Idan wannan ruwa ya gauraya da ruwa mai tsami, sai ya fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa tana iya kashe mutum.

Masanin sinadarai ya san maganin wannan. Idan aka ware ruwan kuromiyam tun a cikin kamfani, ba a bar shi ya haɗu da sauran ruwa ba, ana iya zuba masa wani sinadari ya kwanta a ƙasa, a kwashe, a narkar, a sake jima da shi. An yi haka a majemun Kanpur ta ƙasar Indiya. To amma wa zai tsara kwatocin da za su raba ruwan? Injiniya. Idan injin yana bukatar wutar lantarki dare da rana, alhali kowa ya san halin wuta a garin nan, wa zai lissafa kuɗin man janareta ya gwada shi da kuɗin sinadarin da aka ceto? Masanin tattalin arziki. Wa zai gaya mana abin da ganyen yake yi wa jikin yaro bayan shekara goma? Likita. Wa zai binciko dalilin da ya sa ɗan lambu ya fi son wannan ruwa? Masanin zaman jama'a, wanda zai gano cewa ruwan ba ya ƙafewa da rani, ba a biyan ko kwabo, kuma yana ɗauke da taki. Idan ka ce wa manomin ya daina, me zai ci da iyalinsa? Idan kuma ka rufe kamfanin, ina leburorin za su nufa? Sannan ga lauya, domin akwai doka: an kafa hukumar FEPA a 1988 bayan sharar guba da aka jibge a garin Koko, daga baya hukumar NESREA ta zo a 2007. A Indiya ma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1996 a kan majemun jihar Tamil Nadu, cewa wanda ya ɓata shi zai biya. A ƙarshe ana bukatar wanda ya iya Hausa sosai, ya mayar da duk wannan bayani yadda tsohuwa mai sayar da alayyafo za ta fahimta.

Masana bakwai ke nan na lissafa, kuma kusan dukkansu akwai su a Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a tun 1977. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, ba nisa da mu. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. A Samaru ta Zariya akwai cibiya guda ta nazarin fata da kimiyyar jima. Ashe ba masana muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne hanyar da za ta zaunar da su a tabarma ɗaya su yi aiki tare, ba tare da kowa ya ja zaren zuwa gidansa ba.

A nawa ganin, wannan hanya tana hannun masu zayyana, wato mutanen da sana'arsu ita ce tsara yadda abu zai kasance kafin a ƙera shi, ko gini ne, ko kujera, ko buhu, ko tsarin layi a asibiti. Kada mai karatu ya ɗauka ado nake nufi. Ku je 'Yan Katako a nan Na'ibawa ku kalli kafinta nagari. Idan ka ce ya yi maka benci, sai ya tambaye ka su wa za su zauna, yara ne ko manya, a ɗaki ne ko a waje, nawa ke hannunka. Sai ya zana a jikin falanki da fensir, ya nuna maka. Wani lokaci ya haɗa ɗaya ka zauna ka ji, in ya yi tsawo ya rage. Wannan shi ne asalin dabarar zayyana, kuma matakanta biyar ne.

Na farko, a je wurin masu matsalar a zauna da su, a kalli yadda suke aiki, a saurare su kafin a buɗe littafi. Na biyu, a rubuta tambayar da ake son amsawa cikin magana mai sauƙi wadda kowa ya yarda da ita. Tambayar "nawa ne yawan kuromiyam a rafin Salanta" ta sashe ɗaya ce. Amma tambayar "yaya ɗan lambun bakin Salanta zai sami ruwa mai tsabta da rani ba tare da an kori ma'aikacin kamfani ba" ta kowa ce, kuma babu wanda zai amsa ta shi kaɗai. Na uku, a zana matsalar a bango ko a babbar takarda: ga kamfani, ga kwata, ga rafi, ga lambu, ga kasuwa, ga tukunya. Amfanin zane shi ne yana raba gardamar kalmomi. Likita da injiniya kowa da yarensa na boko, amma idan aka sa yatsa a kan taswira aka ce "a nan ne ruwan yake haɗuwa", kowa ya gane, har da wanda bai yi makaranta ba. Na huɗu, a ƙera samfuri mai araha da wuri, ko da duro biyu ne da bututu. Na biyar, a gwada shi a wurin da za a yi amfani da shi, a karɓi gyara, a sake, har sai ya zauna.

Turawa sun daɗe da gane amfanin wannan. Wani masani Ba'amurke, Herbert Simon, ya rubuta littafi a 1969 inda ya nuna cewa duk mai neman sauya wani hali zuwa wanda ya fi shi, zayyana yake yi, ko likita ne ko injiniya ko ma'aikacin gwamnati. Jami'ar Stanford ta Amurka tana da makarantar zayyana wadda ɗalibai daga kowace tsangaya suke zuwa su yi aiki ƙungiya-ƙungiya. A ƙasar Finlan, a 2010, sai da aka narkar da manyan makarantu uku, ta fasaha da ta kasuwanci da ta zane, aka mayar da su Jami'ar Aalto. To amma ba sai mun je Turai neman shaida ba, domin muna da namu misalai a gida.

Misali na farko daga Samaru yake. A da, ma'aikatan gona suna matsa wa manoma su shuka abu ɗaya a gona ɗaya, suna ganin haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya rashin wayewa ne. Daga tsakiyar shekarun 1960, wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, tare da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, suka shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka riƙa bin manoma suna rubuta aikinsu da abin da suke samu. Sai suka gano cewa manomin ya fi su gaskiya: haɗa shukar ya fi ba shi amfani a gona ɗaya, kuma idan damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Wannan aiki yana cikin tushen wani salon bincike da ya bazu a duniya, inda masanin ƙasa da masanin iri da masanin tattalin arziki suke farawa daga gonar manomi.

Misali na biyu shi ne na Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. Ya lura da yadda kayan lambu ke lalacewa a ƙauyukan da babu lantarki, da yadda ake ɗora wa 'yan mata talla kullum don a sayar kafin su ruɓe. Sai ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yake bushewa ta jikin tukunyar waje, sai ya tafi da zafin, cikin ya yi sanyi. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex. Ku duba abin da ya haɗa: kimiyyar zafi da sanyi, sana'ar ginin tukwane, sanin halin kasuwa, har da wasan kwaikwayo da ya yi amfani da shi wajen tallata abin a ƙauyuka.

Misali na uku buhun ajiyar wake ne mai riɓi uku, wanda ake kira PICS. Masana ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Kamaru suka faro shi, aka kuma gwada shi a Nijeriya da Nijar, har da Maraɗi. Leda biyu ce mai kauri a ciki, da buhu saƙaƙƙe a waje. Idan aka ɗaure, ƙwarin sai su shanye iskar da ke ciki su mutu, ba tare da an zuba maganin da ke cutar da mai ci ba. Da aka fara yaɗa shi a 2007, ba a tsaya ga rubuta rahoto ba. An nemi masu ƙera buhu, har da wani kamfani a nan Kano, an nemi dillalai, an shiga rediyo. A ƙauyuka kuma akan ɗaure buhun a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance shi a gabansu, kowa ya gani da idonsa.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wasu za su ce idan kowa ya tsoma baki a fannin kowa, za a sami masu sanin komai sama-sama, babu gwani ko ɗaya. Wannan tsoro yana da tushe. Amsata ita ce ba a ce masanin sinadarai ya bar ɗakin gwajinsa ba. Sai ma ya ƙware sosai sannan zai yi amfani a cikin ƙungiya, kamar yadda magini da kafinta da mai haɗa waya suke gina gida ɗaya, kowa da gwanintarsa, amma zane ɗaya suke bi. Akwai kuma binciken da ba ya bukatar kowa, kamar na lissafi zalla, wannan a bar masu shi su yi abinsu.

Wasu za su ce babu kuɗi. Gaskiya ne jami'o'inmu suna cikin matsi. Amma ɗaki ɗaya da allo da manyan takardu da kuɗin motar zuwa Challawa ba su kai kuɗin na'ura ɗaya da ake sayowa daga waje ta lalace a ajiye ba. Hasali ma gwajin samfuri mai araha shi ne yake hana a kashe miliyoyi a kan injin da ba zai yi aiki a yanayinmu ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta ƙarin girma. Malamin jami'a da yawan maƙalun da ya buga a fanninsa ake auna shi. Idan ya shafe shekara biyu yana zirga-zirga tsakanin kamfani da lambu, abokansa za su wuce shi. Muddin ba a gyara wannan ma'auni ba, duk kiran da za a yi zai zama ihu bayan hari. Don haka ga shawarwarina.

Ɗaya, majalisun jami'o'i su sa aikin haɗin gwiwa da samfurin da jama'a suka karɓa a cikin abin da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma. Biyu, a ware ɗaki guda wanda ba na kowane sashe ba, a ɗora wanda ya san dabarar zayyana ya riƙa jagorantar zama. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zayyanar kayan masana'antu, kuma akwai masu koyon zanen gine-gine a jami'o'in Kano, ana iya farawa da su. Uku, a bar ɗaliban shekarar ƙarshe daga sassa huɗu ko biyar su ɗauki matsala ɗaya, kowa ya rubuta ɓangarensa, a yi musu jarrabawa tare. Huɗu, asusun TETFund, da yake shi ne babban mai ba da kuɗin bincike, ya fifita ƙungiyar da ta zo da manomi ko ma'aikacin kamfani a cikinta. Biyar, masu masana'antu su buɗe ƙofa, su daina ɗaukar mai bincike tamkar ɗan leƙen asiri, domin sinadarin da ke bin kwata kuɗinsu ne yake tafiya. Shida, kowane bincike da aka yi a kan jama'a a taƙaita shi da Hausa, a koma a karanta musu. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da Jami'ar Bayero ta kafa a 2012 ta nuna cewa ana iya tara masana daban-daban a ƙarƙashin matsala ɗaya. Abin da aka yi wa noma ana iya yi wa ruwan masana'antu.

Yanzu sai ku, ƙannena. Katangar da nake kuka da ita tun daga sakandare ake aza tubalinta. Da zarar an raba ku aji-aji, sai 'yan kimiyya su fara raina 'yan adabi, 'yan adabi su ce 'yan kasuwanci ba su san komai ba sai lissafin riba. Mu ma mun yi wannan wauta a zamaninmu, kuma mun ga ƙarshenta. Ina ba ƙungiyar JETS shawara ta gayyaci ƙungiyar Hausa da ta wasan kwaikwayo da masu zane su ɗauki aiki ɗaya a shekara mai zuwa. Ba sai kun je nesa ba. Ku nemi izinin malamanku ku ziyarci kasuwar 'Yan Lemo a Na'ibawa, ku ga lemo da ayaba da mangwaro da ake zubarwa saboda zafi. Ku tsallaka 'Yan Katako ku ga garin katakon da ke taruwa. Ku tambayi 'yan kasuwar abin da ya fi damunsu, ku rubuta, ku zana, ku ƙera ɗan abu ku kai musu su gwada. In sun ce bai yi ba, kada ku ji haushi, ku tambaye su dalili ku koma ku gyara. Wanda ya saba da wannan tun yana ɗan shekara goma sha shida, idan ya je jami'a ba zai ji nauyin ƙwanƙwasa ƙofar wani sashe ba.

Makarantar nan ta koya mana cewa ilimi amana ne, kuma ana tambayar mutum abin da ya yi wa maƙwabcinsa da shi. Ɗan lambun bakin Salanta maƙwabcinmu ne, haka ma leburan da ke tsaye cikin ruwan jima tun safe, haka ma yaron da zai ci latas ɗin gobe. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon shugabannin jami'o'inmu su duba waɗannan shawarwari, ku kuma masu tasowa ku riƙe su har lokacin da za ku zama malamai da injiniyoyi da likitoci.